Gawar Malang Mai Hoto

"Ni da na ɗauki hoton amarya mai hararar garke ta fito kamar tauraruwa, tsuntsu ne zai gagare ni?"

Abin da Malang Bojang ya faɗa ke nan a ƙofar shagonsa na hoto da ke Tanji, a gaɓar tekun Gambiya, yana murza gashin baki yana kurɓar shayin ataya. Aboki, in ba ka san Malang ba ai ka san gangar biki: ƙara har sama, ciki fayau. A ganinsa duk auren da ya ɗore a yankinsu na Kombo albarkacin kyamararsa ne. Auren da ya mutu kuwa, je ka bincika, wani ne ya ɗauki hoton.

Pa Njogu ne ya tsokano maganar, wani tsohon direban jirgin fito da ya ajiye aiki ya shiga ƙungiyar masu kallon tsuntsaye. Ya ba Malang labarin wani shaho mai kamun kifi, mai shuɗin zobe a ƙafa, wanda ke zuwa daga Turai duk shekara ya sha rana a bakin kogin Tanji. Shugabar ƙungiyar, Ya Haddy, tsohuwar malamar makaranta, ta yi shekara da shekaru tana fakonsa ba ta sami hotonsa ba. Ga Maris ya zo ƙarshe, baƙin tsuntsaye na haramar komawa gida. Duk wanda ya samu, hotonsa ne zai hau kalandar ƙungiya, da sunansa a ƙasa.

Cikin duk bayanin nan, "sunansa a ƙasa" kawai Malang ya ji.

Washegari sai ga gogan naka a bakin ruwa cikin farin kaftani, ƙamshin turarensa na rigima da ƙarnin kifi. Ya tarar da 'yan ƙungiya a tsugune bayan ciyayi kamar ɓarayin kaji. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, murya a sake, har da tambayar surukai. Ruwa ya janye, taɓo ya cika da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da dogon baki, kowa na tsintar abincin tafiya. Malang ya dube su ya ga ba tsari. Ya fito fili ya tafa hannu.

"To, jama'a, dogaye a koma baya, gajeru a matso gaba."

Ya saki walƙiyar kyamara. Kafin ya ɗago ido, ko gashin tsuntsu babu a wurin. Ya Haddy ta sauke madubin hangen nesa ta yi masa irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya yi fitsari a aji. Shi ko a jikinsa. Ya ce dama an gaya masa 'ya'yan Turai ba su da tarbiyya.

Ya koma shago ya yi nazari irin na masana. Baƙon da ya ƙi tsayawa hoto, in ji shi, ai zai tsaya wa abinci; ya gani a biki ya fi a ƙirga. Ya je wurin mata masu bandar kifin bonga ya roƙi bokitin kayan ciki, ya zo ya barbaza a bakin ruwa kamar mai rabon walima. Baƙi kuwa sun zo. Hankaki suka fara sauka, sai kyanwoyi, sai karnuka, sannan ungulaye suka iso da sanƙonsu kamar dangin ango da ba a gayyata ba. Wani kare ya ture ƙafar kyamara, Malang ya bi shi da gudu, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin walimarsa. Tun daga ranar matan banda suka raɗa masa Angon Ungulu. Ya Haddy kuma ta aiki Pa Njogu ya gaya masa, cikin mutunci, cewa ƙasar Gambiya na da faɗi, ya nemi wani bakin ruwan.

Malang ya ce hassada ce, sun ga ya kusa.

Dabara ta uku ita ce uwar dabaru. Da sassafe ya cika cikinsa da ɗumamen benacin, dafa-dukar shinkafarsu, ya riga kowa zuwa. Akwai wani tsohon kwalekwale da aka yasar a kan taɓo, ɗaure da turke. Ya shige ciki ya kwanta rigingine, ya lulluɓa da rubaɓɓiyar raga da buhu, ya jera ragowar kayan cikin kifi a gefe. Sai dai Malang dogo ne, kwalekwalen gajere, ƙafafunsa suka leƙo waje sanye da takalmansa ruwan ƙwai na zuwa biki. Iskar teku ta kaɗa, benacin ya yi aikinsa. Maharbi ya yi barci.

Da hantsi 'yan ƙungiya suka iso. Pa Njogu ya ɗaga madubi ya hango ungulaye jere a kan kwalekwale, ga ƙafafu biyu a sandare. Takalman nan kuwa duk Tanji mutum ɗaya ke da ƙarfin halin sa su. Ya saki salati. Suka matso, suka tsaya daga ɗan nesa, ba mai zuciyar ƙarasawa.

Salatin ne ya tashi Malang. Ya ji ana ambaton sunansa ana Allah ya jiƙansa. Mai hankali da sai ya tashi. Malang kuwa ya ga garaɓasa: mutum nawa ne suka taɓa jin yabonsu na bayan rai? Ya ƙara sandarewa, ya kasa kunne.

Wani ya ce ya kamata a faɗi alherinsa kafin a kira mutane. Pa Njogu ya yi gyaran murya, ya yi tunani, ya ce marigayin dai yana goge takalmi. Wata mata ta ce a hoton auren 'yarta ango ba shi da kai, har yau sai an rantse wa baƙi cewa shi ne.

"Ba a faɗin sharrin mamaci," in ji Pa Njogu.

"To, sai mu yi shiru," in ji Ya Haddy.

Suka yi shiru. Irin shirun da bakin kogin bai samu ba tun ranar da Malang ya fara zuwa. Sai tsuntsaye suka soma sauka, garke bayan garke, suka kewaye kwalekwalen. Can sai ga wata inuwa ta gilma. Shahon ne, da kifi a faratansa, ya dira a kan turken, shuɗin zobensa na ƙyalli.

Ya Haddy ta yi raɗa ta ce gawa ba ta sauri. Ta ɗaga kyamara, ta fara daidaita madubi a hankali.

Ta ƙofar raga Malang ya hango shahon, kusa da shi kamar ya miƙa hannu ya shafa. Ya manta ya mutu. Ya zabura ya miƙe da raga a ka, ya kwatsa murya:

"Ango, kalli nan!"

Shahon ya sakar masa kifin a fuska ya yi sama, ya miƙe arewa, sauran suka rufa masa baya. Ba wanda ya gudu don gawa ta tashi, ba wanda ya yi hamdala. Ya Haddy ta duba kyamararta, ba komai a ciki sai turke da sanƙon Malang. Ta dube shi tun daga raga har takalmi.

"Malang, ɗana," ta ce a hankali, "tunda na san ka, yau ne kawai ka yi mana amfani. Ita ma mutuwar ba ka iya ta ba."