Yadda Za Ka Nemo Mijin Marka a Shafin Ƙungiyar Manoman Albasa

Kai da aka damƙa wa makullin shafin intanet na wata ƙungiya ko wani ofis, matso kusa. Yau zan koya maka neman abu a rumbun shafi, wato can ciki inda ake tara labarai da hotuna kafin duniya ta gan su. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, ba za ka tashi hannu rabbana ba. Ban ce abin da kake nema za ka samu ba, amma lalle za ka sami wani abu.

Ba ni na ƙago su ba. Wajen gwani na ɗauko su, wato Seydou, mai kula da shafin wata ƙungiyar manoman albasa a Malanville. Masu furoje, wato masu kawo tallafi daga waje, su ne suka kai shi Parakou horo, ya dawo da kwamfuta, da takardar shaida mai hatimi, da tabarau wanda likita bai rubuta masa ba.

Mataki na 1: Kada a ga sauƙin aikinka

Neman abu a shafi ba wuya. Akwai wani ɗan akwati a sama, kusa da hoton madubi mai hannu. Ka rubuta, ka danna, shi ke nan. Wannan sirri ne tsakanina da kai, domin ranar da mutane suka gane haka, ranar za a ba ɗan shugaba kujerarka.

Saboda haka in an shigo, kada ka ɗago kai. Ɓata rai, kaɗa kai, ja tsaki kaɗan kamar wanda ke rabon gado mai rikici. In an matsa, ce rezo ne, wato sabis ɗin waya. A garin nan wannan ba ƙarya ba ce ma, tunda wayar mutum tana aljihunsa sai ta tsallaka gadar iyaka ta kama na Gaya ba tare da ta sanar da duwan, wato kwastan, ba.

Mataki na 2: Saurari mai nema da rabin kunne

Wata safiyar kasuwa kabu-kabu ya sauke wata tsohuwa a ƙofar ofis. Sunanta Marka, daga Garou. Ta cire takalmi tun daga waje, ta zauna a ƙasa, kujera na kallonta. Seydou ya bar ta ta gama gaisuwa tukuna, har da ta iyali da ta gajiya, yana amsawa da hanci.

"Ɗana, hoton mai gidana nika biɗa," in ji ta. "Cikin abin ga naka anka sa shi."

Mijinta ya rasu da damina. Bayansa ruwan kogi ya shigo gida ya tafi da akwatin da katin shaidarsa ke ciki, kuma katin nan shi kaɗai ke ɗauke da fuskarsa. Abin da ya fito da ita daga gida, ta ce, shi ne kwanan nan in ta rufe ido tana son ta gan shi, sai ta ga hula, ta ga riga, fuskar ta ƙi zuwa. Tsoro take ji kada ta ɓace mata gaba ɗaya. Sai ta tuna ranar da ya dawo daga taron ƙungiya yana ta murna, yana cewa an ɗauke shi hoto, an ce har Cotonou za a gan shi.

Irin wannan magana tana taɓa zuciya, don haka ka kiyaye. Gwani ba ya barin tausayi ya rage masa tsawon aiki.

Mataki na 3: Tambayi suna

Akwatin nema ba ya jin "mai gidana". Suna yake so.

"Inna, mi as sunanai?" in ji Seydou.

Marka ta kama bakin mayafi ta rufe baki. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a faɗa, ko a mafarki, sai yau don wani yaro mai tabarau ya tambaya?

"Kai, ji min ɗan ga! Ni in hwaɗi sunanai?"

"To inna, in babu suna, injin ba ya aiki."

Ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Mai sunan babban abokin Manzon Allah na. Kai dai ka sani."

A nan ka nuna iliminka. Gyara tabarau, ce "Bukari ke nan," da ƙarfi, yadda na waje za su ji cewa kai ma ka yi makarantar allo.

Mataki na 4: Rubuta, danna, ka ɗora laifin a kan wani

Seydou ya rubuta, ya danna madubi. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, sannan injin ya amsa da Faransanci mai ladabi cewa bai sami komai ba. A garin da in ka tsaya tashar albasa ka kira Bukari sai rabin ’yan dako sun waiwayo, shafin ƙungiya bai san ko ɗaya ba.

Kada ka firgita. Ce wanda ya riƙe shafin kafin kai ne ya ɓata komai. Seydou ya faɗi haka, kuma ya faɗa da kyau, duk da cewa tun ranar da aka buɗe shafin ba wanda ya taɓa shi sai shi.

Mataki na 5: Tace da rukuni da kwanan wata

Masana sun raba kayan shafi rukuni-rukuni don a huta da wahala. Na Seydou su ne Ziyarar Shugaba, Jawabin Shugaba, Shugaba a Gona, sai kuma Sauran Abubuwa. Duk manoman ƙungiya, da matansu, da gonakinsu, suna cikin Sauran Abubuwa.

Sai kwanan wata. Marka ta san lokacin sarai: shekarar da albasa ta yi kyau har aka rasa buhu, bayan Sallar layya kaɗan. Injin bai san wannan shekara ba. Shi a wajensa komai rana ɗaya ya faru, ana gobe masu furoje za su zo duba aiki, domin ranar ce Seydou ya zauna ya juye duk abin da ya tara a wayarsa.

Mataki na 6: Gwada ba shi wani abu makamancinsa

Yanzu shiga ma’ajiyar hotuna. Kowane hoto da lambar da waya ta raɗa masa, don ba ka taɓa samun sukunin ba su suna ba. Gangara. Albasa a buhu. Albasa a ƙasa. Albasa a kan tirela. Rufin ofis, wanda aka ɗauka bisa kuskure. Wata akuya.

In ka ci karo da wani tsoho mai hula, tsaya nan. Seydou ya juya mata kwamfutar.

"Ga shi nan, inna."

Ta matso da gwiwoyi, ta duba. "Wanga Sodangi na, na Madécali. Da ranshi, jiya ma na gane shi kasuwa."

"Wanga hwa?"

"Ɗana, ban zo aron miji ba."

Idan aka faɗa maka haka, yi dariya kaɗan don a san ba ka ji zafi ba. Seydou ya yi. Ya fara jin gumi a bayan riga, ga fanka na juyawa.

Mataki na 7: In kana neman talaka, nemi babban da ya tsaya kusa da shi

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin, kuma a Parakou ba a koyar da shi. Tambayi mai nema wa ke wurin ranar da aka ɗauki hoton.

"Alhaji Na-Allah," in ji Marka. Wannan sunan ba ta jin kunyarsa. "Shugabanku. Da hannunai ya miƙa mishi injin ban ruwa."

Seydou bai gama rubuta sunan ba injin ya farka. Labarai suka yi ta zubowa, kowanne da cikakken suna da laƙabi, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Alhaji yana yanka kirtani. Alhaji yana shinshina albasa. Alhaji yana nuna kogi da yatsa kamar shi ya haƙa shi. Can ƙasa sai ga wani kai: Shugaba ya miƙa injin ban ruwa ga wani manomi.

Wani manomi. Da yatsunsa Seydou ya rubuta haka, kuma yana ganin rubutun ya tuna.

Mataki na 8: Buɗe abin da ka samo

Hoton ya buɗe a hankali, daga sama. Hular Alhaji, murmushin Alhaji, babbar rigar shadda ta cika wuri daga gefe zuwa gefe, ga inji ja a tsakiya. A can gefen dama, daidai inda hoton ya ƙare, hannu ne baƙi, busasshe, ya riƙe marikin injin. Daga gwiwar hannu zuwa sama babu kowa.

Shafin yana son hoto mai kusurwa huɗu daidai, Alhaji kuma ya ce rigarsa ta fito duka. Dole wani ya fita, kuma Seydou ne ya ja layin. Na asalin yana cikin wayar da ta faɗa kwata tun bara.

Littafin gwanaye ya ce a nan ka ce rezo ne. Seydou bai bi littafin ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda tabarau ba ya ɓoyewa. Ya cire shi ya ajiye a kan tebur.

"Inna," ya ce, "iyakarshi ke nan."

Marka ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta taɓa gilashin, wajen ƙaramin yatsan da ya lanƙwashe bai miƙe ba tun da ƙugiya ta taɓa shiga shi.

"Shi na," ta ce a hankali. "Hannunai na."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce a fitar mata da shi a takarda. Seydou ya miƙa hannu zai danna, sai ta tsayar da shi.

"Dakata. Tunda ka iya yankan mutane, yanke min Alhajin."

Ya yanke. Abin da ya rage ya fito dishi-dishi, hannu da marikin inji. Ta naɗe takardar, ta ƙulle a bakin zani, ta yi godiya har da addu’a, ta sa takalminta a waje ta tafi neman kabu-kabun Garou.

Gargaɗi

Ni dai darasi na bayar, kuma alkawarina ya cika, tunda an nema an sami wani abu. In ka bi matakan nan aka ƙara maka girma, kada ka neme ni. In Alhaji ya ji an yanke shi ya kore ka, ban san ka ba. In kuma wata tsohuwa ta zo neman fuska ka sallame ta da hannu, wannan tsakaninka da Allah ne, babu ruwana, babu ruwan rezo. Injin bai ɓoye kowa ba. Wanda ka ga ya isa a rubuta sunansa, shi ya nemo maka.