Makarantar Layin Mai

Jiya na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni: mace a tsakiyar layin mai, tana roƙon Allah kada layin ya motsa. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku ce rana ce ta taɓa mini kai.

Kawuna yana da tsohuwar mota, ni kuma ina da digirin da bai hana ni zaman gida ba, don haka ni ce mai gadin motar a layi. Tun farkon mako nake zaune a ciki da ƙullin mandasi, wato fankenmu na nan. Ba ni da surutu, kallo ne sana'ata, kuma layin mai ba ya rowar abin kallo.

Maƙwabciyarmu Mama Nangondo malamar firamare ce da ta koma jami'a da furfurarta. Ta yi bincike a kan dalilin da ke sa yara gujewa aji lokacin girbin masara, aiki mai kyau, amma mai duba aikin ya dawo mata da shi da jan biro a bangon farko: a gyara Turanci. Bai ce ina ba, bai ce yaya ba. Ranar Juma'a za a rufe karɓa. In ta wuce, sai ta maimaita shekara, ga shi hedimastanta ya rantse ba zai ƙara mata hutun karatu ba. Ta fara kawo mini, na duba, na gaya mata gaskiya: Turancina ya isa neman aiki, bai isa samunsa ba.

Za ku ce ai akwai Cibiyar Ƙwarewa a Babban Turanci, wadda aka gina don irin su Mama. Akwai ta kuwa. Ina wurin ranar da babban jami'in da muke wa laƙabi da Mai Girma Sarkin Almakashi ya yanke ƙyallen buɗe ta, mawaƙan coci suka rera, aka sha lemo har aka zuba a jaka. Da baƙi suka watse sai ya kulle, ya jefa makullin a aljihu, wai kayan ciki masu tsada ne, ɗalibai za su lalata. A yaba wa mutumin nan. Har yau ko kwamfuta ɗaya ba ta lalace ba, suna nan cikin ledarsu kamar amare, kuma ba a taɓa yin kuskuren Turanci ko ɗaya a ɗakin ba. Wace cibiya ce a duniya za ta bugi ƙirji da irin wannan?

To, rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ɗalibai sun gano cewa malamin da ba ya zama a ofis, dole ya zauna a layin mai, kuma ba shi da halin gudu, don in ya gusa ya rasa wurinsa. Sai ga layi a cikin layi: motoci a kan titi, ɗalibai a gefen tagogi da takardu a hammata. Mafi tsawon layin shi ne na Dakta Kalonjere, malamin nahawun Turanci, wanda motarsa ke gaban tawa. Da farko ya ɗaga gilashi ya yi kamar barci. Zafi ya sa ya sauke, kaɗaici ya sa ya ciro jan biro.

Mama Nangondo ba ta tsaya a taga ba. Ta ɗaure zanenta, ta buɗe ƙofar gaba ta shige, ta ajiye masa kwanon nsima, tuwon masararmu, da ganyen kabewa a cinya.

"Baba Dakta, ci ka ƙoshi tukuna. Abin da za ka gani a takardar nan ba ya son mai yunwa."

Ya ci, ya wanke hannu, ya buɗe shafin farko, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya tambaye ta ko jimlar nan tana da niyyar ƙarewa, ko kuwa ita ma layin mai ce. Mama ta ce ai da yarenmu, Chichewa, ta yi tunanin jimlar, kuma a can lafiyarta ƙalau, sai da ta haye zuwa Turanci ta kumbura. Ya yanka ta gida huɗu. Ya nuna mata inda ta fara labari a jiya ta ƙare shi a gobe, da ƙananan kalmomin nan da Bature ke liƙawa a gaban suna, waɗanda harshenmu bai san da zamansu ba. Ita kuwa ta barbaɗa su ne kamar gishiri, inda hannu ya faɗa. Ina jin su ta taga, har ni ma na ƙaru.

Sun kai babi na ƙarshe ke nan sai aka ji ihu daga gaba: tankar mai ta iso. 'Yan babur suka hau tsalle, direbobin bas suka danna hon. Dakta ya rufe biro, ya ce da zarar ya sha mai ƙauye ya nufa, ana bikin ɗora dutse a kabarin surukinsa, sai wani makon zai dawo. A nan ne na ga Mama ta runtse ido, leɓɓanta suna motsi. Na leƙa na tambaye ta lafiya.

"'Yar nan, yi shiru. Ina roƙo ne famfon ya shaƙe."

Bai shaƙe ba. Layi ya riƙa ja, Dakta yana tuƙi, Mama tana karanta masa da ƙarfi, yana gyara da baki, birki yana sa mata aya inda ba ta nema ba. Saura motoci kaɗan a kai gare shi, ga shafuka jibge a cinyarta.

Sai jiniya. Wata baƙar mota mai tsayi ta ratso ta gefen da talaka ba ya bi, wata tana biye da ita. Mai Girma Sarkin Almakashi ne, zai tafi can bakin tafki wajen taron ƙara wa juna sani a kan hanyoyin kusantar da taimakon Turanci ga ɗalibai. Aka cika ta farko, aka cika ta biyu, sannan aka fara sauke jarkoki, wai na janaretan Cibiya ne. Muna kallo, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jarka ta ƙarshe ba ta cika ba famfon ya yi tari, mai sayarwa ya rataye tiyo, ya ce sai wani jiƙon.

Irin maganganun da suka fito daga bakin direbobi, jarida ba za ta ɗauka ba. Dakta ya kifa kai a sitiyari. Mama kuwa ta fito a natse, ta durƙusa a gefen baƙar motar, ta tafa hannu irin na ladabi.

"Ranka ya daɗe, mun gode. Yau ka taimaki karatu."

Ya sauke gilashi rabi, ya ɗaga mata hannu cikin jin daɗi, ya ce ai don su suke wannan wahala.

Kafin rana ta yi sanyi an gama babin. Da safen nan Mama ta kai aikinta, aka karɓa, ta biyo ta kan layi ta kawo wa Dakta dafaffiyar gyaɗa, tana yi masa jajen bikin da ya rasa, fuskarta ba alamar jaje.

Ni dai har yanzu ina cikin motar kawu, kuma a nan nake rubuta muku wannan. Ɗazu wata ɗaliba ta ƙwanƙwasa mini taga cikin damuwa, wai ta ga na daɗe a wurin, ko ina ganin ƙarancin man zai kai ƙarshen wata, don saura mata babi biyu. Na ce ta kwantar da hankalinta. Da irin manyan da Allah ya ba mu, ko digiri na uku take so, ta je ta yi rajista.