Ranar da Kowa Ya Zama Tsakuwa Guda

Har gobe ba za ni manta da ranar da na kusa lalata allurar gari guda da bakina ba.

Shekarar fari ce, baƙon dauro ya ɓulla wajen garin Isa, aka tura mu ƙauyen Gangara yin rigakafi. Ni ne mai wayar da kai, kuma ban daɗe da dawowa daga kwas ba, inda aka koya mana lissafin yaɗuwar cuta: mutum nawa mai ciwo ɗaya yake shafa wa, da yawan waɗanda za a yi wa allura kafin cutar ta rasa hanya. (Lissafin ya shiga raina ƙwarai, har masu shayi sun gaji da ni.)

Da la'asar Maigari ya tara magidanta. Na tsuguna na jera tsakuwa ashirin a ƙasa, na ce yara ne. Na kewaye guda da sha tara, na bayyana cewa in an yi wa waɗannan, cutar ba ta da ta inda za ta kai ga ta tsakiya, ta tsira albarkacin saura. Aka yi ta gyaɗa kai. Wani dattijo ya sa na maimaita, na maimaita da jin daɗi.

Washegari muka kafa tebur a inuwa. Hantsi ya yi, ba kowa. Allurar nan a akwatin ƙanƙara take, in ƙanƙarar ta narke ta tashi aiki, kuma ba mu san ranar samun wata ba. Hajiya Kulu, ma'aikaciyar jinya da ke shugabantarmu, tana buɗe akwatin tana dubana.

Na nufi rijiya guda da ta rage da ruwa, inda mata suka yi layi tun asuba. Duk wadda ta bar layi, gidanta ba girki ranar. Na tambayi wata mai goyo abin da ya hana ta zuwa.

"Malam, ai kai kac ce a bar guda," in ji ta. "Maigidana ya ce ɗiyanmu su zan gudan. Allah shi saka wa saura."

Ta bayanta ma haka aka gaya mata, da ta bayan wannan. Ba wanda ya ƙi allura, kowa dai ya fahimce ni sarai.

Maigari bai yi faɗa ba (da ma ya yi). Ya kira mai shela, ya ce in bi shi don a ga fuskata.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ƙarya na yi ba."

"Na sani, ɗana. Bi shi dai."

Haka na zaga gari cikin rana, mai shela na gaba yana cewa malamin jiya ya janye tsakuwarsa, babu guda, kowa ya kawo nasa. Wata tsohuwa ta leƙo ta kan danga ta ce in yi haƙuri, kowa da ranarsa.

Hajiya Kulu ta mayar da tebur bakin rijiya, muka riƙe wa mata layi ana yi wa yara. Ni na ja guga har tafin hannuna ya saɓule. Da sauran ƙanƙara a akwati muka gama.

Lissafin daidai yake, har yau ina koyar da shi. Sai dai na gane cewa in za ka faɗa wa mai gajiya akwai mutum ɗaya da aka yafe wa, to ka fara tanadar amsar wanda zai ce shi ne.