Yadda Gemuna Ya Zama Ɗakin Gwaji

Jiya da safe ina layin mai, ina tura babur ɗina taku-taku, sai wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya matso ya yi mini sannu cikin tausayi. Ya tambaye ni ko likitoci sun gano abin da ke damuna. Na ce masa lafiyata ƙalau. Bai yarda ba, ya ci gaba da kallon haɓata yana girgiza kai. Ban ga laifinsa ba, jama'a. Gemun nan da na yi shekaru ina tattalinsa ya wayi gari kore shar ta dama, ta hagu kuma ja-ja kamar tsatsar tsohon kwano.

Gara in ba ku labarin da bakina kafin ku ji a wurin maƙwabcina tela, don shi in ya ɗauko zance sai ya ɗinka masa aljihu da maɓalli.

Ina da 'ya, Farfesa muke ce mata, saboda tun tana rarrafe take dama garin sabulu da toka a murfin kwalba ta ce magani ne. Ta girma ta karanci ilimin sinadarai, ta fito da sakamakon da ya sa na riƙa tare mutane a hanya ina ba su labari ko ba su tambaya ba. Daga nan sai zaman gida. Shekara ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, yarinya tana baranda tana koya wa yaran maƙwabta lissafi. Abin yana cina, ba na faɗa ne kawai. To kwanan baya aka kira ta intabiyu a wani sabon ɗakin gwaji, wanda Mai Girma Mai Almakashin Zinare ya buɗe kafin zaɓe, ya sake buɗewa bayan zaɓe, don kada wani ya ce bai gani ba. Aikin wurin, in ji su, shi ne duba duk abin da talaka zai shafa a jikinsa kafin a manna wa kwalbar hatimi.

Uwar yara ta ce 'yarta ba za ta je gaban manya da fuska fayau ba. Shi ya sa shekaranjiya muka nufi kemis ɗin bakin layinmu, ni da Farfesa. Kayan kwalliya masu tsada suna can sama cikin gilashi da kwaɗo, ko ɗaga kai ban yi ba, don kada mu ba juna kunya. Namu suna kantar ƙasa, wadda sai ka durƙusa kamar mai neman gafara. Muka ɗauki hoda, jan baki, maskara ta gashin ido, shamfu da rilaksa mai miƙar da gashi. Kowace kwalba da hatiminta mai ƙyalli. Mai kemis, wanda muke kira Dakta duk da ba mu san inda ya yi karatun ba, ya rantse cewa matan manya ma su suke aikowa a saya musu a ɓoye. Ya dubi furfurata, ya ɗora mini ɗan kwalin baƙin rini a matsayin gyara.

A gidana akwai doka. Tun ranar da wani man gashi, shi ma da hatiminsa, ya kwashe wa uwar yara gashin gaban goshi, har yau ɗankwalinta bai ƙara matsawa baya ba, na ce babu abin da zai sake taɓa fatar mace a gidan nan sai ya bi ta tawa. Ni fatata ta sha rana ta sha hayaƙin mota, ba abin da za ta yi asara. Farfesa ta ce ba haka ake gwaji ba, akwai na'ura, akwai ma'auni. Na tambaye ta na'urar tana ina. Na ce in an ɗauke ta aiki ta gaishe mini da ita.

Ba da gatse na faɗa ba. Tela, wanda ya leƙo ta katanga don kada a yi ba shi, ya ce ya ji na'urorin suna nan cikin kwalayensu, ba a kai ga jawo wa ginin wuta ba tukuna, amma motocin masu dubawa sun iso, sababbi fil. Ni dai na yaba. Ai ba a duba kwalba a ƙafa. Kuma mutumin da zai yanke hukunci kan hodar talaka dole ya zauna inda sanyi ke busa shi, kada gumi ya shiga cikin ra'ayinsa.

Da la'asar na zauna kan kujera a tsakar gida, na naɗe hannun riga. Hodar an rubuta a jikinta cewa tana dacewa da kowace irin fata. Na shafa a bayan hannu, sai ga shi kamar na taya mai burodi kwaɓa fulawa. Uwar yara ta ce hannuna ne ya yi nauyi, in an shafa kaɗan za ta yi, muka ba ta rabin maki. Jan bakin an ce yana kwana yana wuni. Na ja layi a tsintsiyar hannu, kafin in gama shan shayi ya tafi bai ko yi sallama ba. Shamfu kuwa ƙamshinsa daɗi, sai dai kumfa, na cuɗa har kafaɗata ta yi tsami ban ga ko ɗigo ba. Tela ya ce wataƙila kumfar tana cikin kasafin baɗi.

Maskara ce ta ba ni mamaki. An rubuta ruwa ba ya wanke ta. Na ce haka kowa ke cewa. Na goga a gashin hannuna, na tara a famfo. Ba ta motsa ba. Na sa sabulu, na dirza da soso, tana nan daram. Har na fara jin nauyin maƙerinta, duk inda yake.

Rilaksa na ajiye a ƙarshe, kuma da yake kaina ya daɗe da yin sallama da gashi, gemu ne ya karɓi aikin. Na shafa ta dama. Ba a jima ba haɓata ta ɗauki zafi kamar na jingina ta da salansar babur. Na ruga famfo ina salati. Nan take aka yanke hukunci cewa ba za ta taɓa kan Farfesa ba, uwarta za ta yi mata kitso. Da a nan na tsaya da na fita da mutuncina. Amma ga kwalin rini yana kallona, ga shi ni zan kai yarinya gobe, na ce bari a ga ubanta da ɗan sauran ƙuruciya. Farfesa ta gargaɗe ni kada in ɗora rini a kan rilaksa. Na bari ta shiga ɗaki, na ɗora. Sauran labarin kun ji shi a layin mai.

Uwar yara ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce in aske. Na ce haɓar ta yi taushi, ba ta ɗaukar reza, kuma sakamakon gwaji ba a ɓoye shi.

Haka na samo man da ƙyar, na dawo na ɗauki Farfesa. Wallahi ta yi kyau. Hoda kaɗan, kitso tsaf, idanun nan sun fito. Tana bayana tana bitar sunayen sinadarai a hankali, ni kuma ina kauce wa ramuka kamar na ɗauko ƙwai.

Ginin ya haɗu, ba ƙarya. Gilashi ta ko'ina, ga furanni, ga hoton Mai Girma da almakashinsa ya kusa kai tsawon ƙofa. Ta shiga, ni na samu inuwar bishiya inda direbobi ke zama. Wani direba mai fara'a ya fara tsokanar gemuna, daga nan hira ta yi daɗi. Na ce masa 'yata na kawo intabiyu. Ya ce ai shi ma ɗan maigidansa ya kawo, amma ba intabiyu ba, aiki, don tun makon jiya aka ba su tebura, su da sauran 'ya'yan abokan maigidan. Intabiyun yau, in ji shi, na ɗaukar hoto ne, saboda a ga an bi ƙa'ida. Ya faɗa ne ba da mugunta ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na tambaye shi me yaron ya karanta. Ya ce shi dai ya san yana son ƙwallo.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na zauna da koren gemu ina tunanin yadda zan dubi yarinyar nan.

Ta fito tana murmushi, fuskarta yadda ta shiga. Na tambaye ta yaya. Ta ce sun tambayi sunanta, sun tambayi wanda ya turo ta, an ɗauki hoto.

"Sun ce za su kira, Baba."

"To, Allah ya sa," na ce, na tayar da babur.

Ban faɗa mata abin da direba ya ce ba. Mun wuce gidan man da na yi layi, sai na ji ta kifa fuskarta a bayana. Can na ji rigata tana jiƙewa tsakanin kafaɗu. Babu hadari a sama. Ban waiwaya ba, na dai rage gudu, na bi doguwar hanya don ta samu ta gama.

Da muka isa gida ta sauka ta gaishe da uwarta da fara'a, ta ce a kira mata yaran lissafi, kada su rasa darasin yau. Ni na shiga ɗaki na cire rigar, fara ce, na ɗaga ta a hasken taga. Ta jiƙe sharkaf, amma babu ko ɗigon baƙi.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga rahoton ɗakin gwajina, kyauta, ba sai kun sayo mini mota ba. Hoda a shafa kaɗan, rilaksa a gudu, rini a tambaye ni. Maskara kuwa a saya da ƙwarin gwiwa. Cikin duk waɗanda suka yi wa 'yata alkawari a bana, ita kaɗai ta cika, kuma a kantar ƙasa take.