Garantin Shekara Talatin da Ƙwai Uku

Ranar Litinin ɗin da ta wuce ba agogo ne ya tashe ni ba, ruwa ne. Ɗigo ɗaya ya sauka mini a goshi, na biyu a cikin kunne. Na buɗe ido na ga silin ya yi ciki kamar ya kusa haihuwa. Na ja gado gefe, karo na huɗu ke nan tun watan Oktoba, saura ƙiris ya shige ɗakin girki.

Ni Borghild ina hawa na huɗu, dab da rufi, a benen da mu gida goma sha shida muka mallaka tare a nan Kristiansund. Rufin na kowa ne, haka takarda ta ce. Yoyon kuwa nawa ne ni kaɗai.

Muna da kwamiti, Allah ya ƙara masa lafiya. Muna da Mai Girma Shugaba, Uban Takardu, Sarkin Zama, wanda gidansa ke hawan ƙasa, a bushe ƙamas kamar kifin da aka shanya a kan dutse. Tun kaka na kai masa kuka. Ya ce, “Borghild, ba a zaɓen ɗan kwangila da garaje. Sai an nemo uku, an auna garantinsu.”

Aka nemo uku. Na farko, Steinar, ɗan unguwar nan ne. Ya hau ya duba, ya sauko da gwiwa duk datti, ya ce shekara goma, kaya da aikin hannu duka a wuyansa. Na biyu ya ce ashirin, amma kaya kawai, in aikin ne ya lalace sai haƙuri. Na uku ko hawa bai yi ba. Ya kawo takarda mai sheƙi da hoton gida cikin rana, an rubuta shekara talatin da manyan baƙaƙe.

Wata biyar kwamiti yana nazari. Kofin da suka sha ya fi ruwan da na tara a bokiti.

Ni dai ban yi nisa a makaranta ba, amma ina da tabarau, ina da lokaci. Na karance ƙananan rubutun bayan takardar tas. Ranar taro na ɗaga hannu.

“Ranka ya daɗe, nan an ce garantin bai shafi ruwan da iska ta koro ba. Tun da aka haife ka a garin nan, ka taɓa ganin ruwan da ya sauko a miƙe?”

“Wannan harshen lauyoyi ne, Borghild.”

“Nan kuma an ce ban da ɓarnar tsuntsaye.”

“Talatin dai ta fi goma,” in ji shi, yana kallon jama'a kamar shi ya ƙirƙiro ƙirga.

Oddny, maƙwabciyata ta hawa na uku, ta zungure ni. “Ke, da shekararki tamanin da ɗaya, ina ruwanki da goma ko talatin? Kowanne aka ɗauka, shi zai raka ki kabari.”

“Ki tanadi bokiti, 'yar uwa. In ya gama da ni, kanki zai sauko.”

Sai ta raɗa mini abin da ta jiyo wurin mai gyaran gashi: kamfanin mai talatin ɗin shekararsa uku da haihuwa. Kafin nan sunan matar mutumin yake ɗauke da shi, kafin nan na surukinsa. Na miƙe na faɗa da ƙarfi, har da sunan matar. Mai Girma ya ce ba a sa gulma a rahoton taro. Aka kaɗa ƙuri'a. Masu busasshen kai goma sha huɗu, ni da Oddny biyu.

Ma'aikatan mai talatin suka iso a watan Mayu. Suka kafa tsani, ɗaya ya hau, ya sauko a guje yana kare ƙeyarsa. Ashe ɗaya daga cikin fararen tsuntsayen tekun nan masu ihu ta yi sheƙa daidai inda ke yoyo, ta zuba ƙwai uku. Washegari wani yallaɓai ya zo daga wani ofishi da jaka a hammata.

“Doka ta hana taɓa sheƙa mai ƙwai, ba mai taɓa rufin nan sai 'ya'yan sun tashi. Watan Agusta ke nan.”

“Yallaɓai, ni fa?”

Bawan Allah ya duba takardunsa tsakani da Allah, ya ce babu ni a ciki.

Ban ga laifin tsuntsuwar ba. Ta duba rufi, ta zaɓi wuri, ta gina cikin kwana uku, ba ta kafa kwamiti ba.

To, ranar Litinin ɗin nan, da na matse kunnena, sai na sauka ƙasa. Muna da ɗakin taro kusa da ƙofar shiga, mai ɗumi, da tukunyar kofi. Dokarsa ita ce duk mai son kama shi ya rubuta sunansa a ranar da yake so a littafin da ke rataye a bango. Na rubuta nawa tun daga ranar har ƙarshen Agusta, shafi shafi, sai da biro ya ƙare. Mijin Oddny ya sauko mini da katifa. Na shanya kamfaina a kan bututun ɗumama ɗaki.

Laraba sai ga Mai Girma da kwamitinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa ya rasa inda zai sauka.

“Borghild, wannan fa ɗakin jama'a ne!”

“Ni ma jama'a ce, ranka ya daɗe. Duba littafi. Kai ka rubuta dokar.”

“Za mu canza ta.”

“Madalla. Sai an kira taron kowa da kowa, ko? A ina za ku zauna? An kama ɗakin.”

Jama'a, ku ji ikon Allah. Abin da ya gagara wata bakwai, kafin azahar ta Alhamis an gano bakin zarensa. Ashe dokar tsuntsayen ba ta hana shiga ƙarƙashin rufi ta cikin gida ba. Mai talatin bai ɗauki waya ba, sai aka kira Steinar. Ya shimfiɗa tamfol, ya ja bututu zuwa magudana, awa biyu ya gama, tsuntsuwa ko motsi ba ta yi ba. Jiya an wuni ana tafka ruwa, ɗakina ko ɗigo.

Amma don Allah kar ku gaya wa Mai Girma. Na ce masa sai na auna aikin tukuna, ba a komawa sama da garaje. Tagar ɗakin taron nan tana kallon ƙofar shiga, kuma sai yanzu na san wanda ke kawo wa gwauruwar hawa na biyu furanni duk ranar Juma'a. Ɗan kwamiti ne.