Tumatirin da Za a Nuna wa Gwamna

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya mutanen Janfalan? Ya maigidanki Iliyasu, har yanzu yana haƙuri da ke?"

"Yana nan yana gode wa Allah da ya samu irina. Kai kuma wa ya rasu ya bar maka wannan babbar rigar?"

Hussaina ce ta mayar da martanin, ba tare da ta ɗaga kai ba. Ita ce shugabar mata manoman tumatir a ƙauyensu da ke mazaɓar Janfalan. Mai farar rigar kuwa Ɗan'azumi ne, manomin rake daga Dandamisa ta Makarfi, kuma taubashinta, don mahaifinta wan mahaifiyarsa ne.

Ranar Talata ce, ƙarfe tara da rabi na safe, a gindin darbejiyar da ke ƙofar ɗakin taro a Ikara. Gwamna ya faɗa a rediyo cewa jihar na da arziki a bisa ƙasa da ƙarƙashinta, kuma abu huɗu ya sa a gaba: noma, masana'antu, ma'adinai da hanyoyin karkara. Amma kasafin bana ba zai ɗauki komai da komai ba, saboda haka aka ce manoman Ikara da Makarfi da Kudan kowa ya zo da buƙata ɗaya, ya faɗe ta cikin minti uku. Ikara ta tsayar da Hussaina. Buƙatarta hanya ce, kilomita tara daga fadamarsu zuwa bakin kwalta. In ta kasa shigar da ita yau, sai kuma baɗi.

Ta taho da tumatir fanteka ɗaya da ta rungume a cinya tun daga gida, da babban kwando a bayan a-kori-kura. Na fantekar ya iso sumul. Na kwandon kuwa ramukan hanya sun mayar da rabinsa ruwa. Shi take tsincewa, tana ware masu kyau.

"Wannan ba gadon kowa ba ce," in ji Ɗan'azumi yana kakkaɓe hannun riga. "Rake ne ya ɗinka ta. Yau zan ce wa gwamna ya kafa mana masana'antar sukari a Makarfi, ya huta, ya gama aikin shekara huɗu."

"Rake? Sandar da aka manta sukari a ciki? Abin da ake taunawa a tofar?"

"Ke dai faɗi da ladabi. Raken Makarfi guda ɗaya sai ƙarti biyu ke ɗauka. Bara wani ya yi azarar ɗaki da shi."

"Na ji labari. Tururuwa suka cinye rufin, ya kwana a fili."

"Amma ya kwana cikin zaƙi."

"Kai bawana, saurara. Ka taɓa jin matar gwamna ta ɗora miyar rake? In motar Ikara ta makara kwana biyu, tukwanen Legas hutu suke tafiya. Ma'adinan da yake ta ambato a rediyo, ga nawa nan, ja wur, ba sai an tona rami ba."

"Ma'adinin da ke ruɓewa in an harare shi."

"Ko mutanen Kudan da dankalinsu sun fi ka hujja. Ku me kuka taɓa warkarwa, ban da aljihun mai cire haƙori?"

Ɗan'azumi ya yi dariya, ya jingine damin rakensa a jikin bishiya. Sai idonsa ya faɗa kan kwandon da ta ture bayan darbejiya, ta rufa masa tsohon buhu.

"Uwar ɗakina, wannan fa?"

"Ba naka ba ne. Awaki za a ba."

"Me za ki shiga da shi, to?"

Ta buɗe fantekar. Manya ne, jajaye, ta goge kowane ɗaya da gefen mayafi har yana ɗaukar ido. Ta kalle su, ta ji kanta ya ƙara girma. Ita ta yafa irin, ita ta yi dashe, ita ta yi ban-ruwa wata uku.

"Ma sha Allahu," in ji shi. "Gwamna zai gani ya ce: kai, mutanen Janfalan ba su da matsala, a ba su tafi da hannu. Hanya kuma a kai wa na Kudan."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

"Ni zan fara tafin. Ki zo neman hanya, ki nuna masa kayan da hanya ba ta taɓa ba? Ke da kika rungume su a cinya kamar jariri?"

"To so kake in ajiye wa babban baƙo ruɓaɓɓen tumatir? A gidanku aka koya maka haka? Mu a gidanmu baƙo ko na ƙauyen gaba ne, mai kyau ake zaɓar masa. A ɗauke ni a hoto, a ce matan Janfalan ba su iya noma ba?"

"Gidan namu ɗaya ne, kakarmu ɗaya. Ita ce ta ɓoye ciwon ƙafarta don kada likita ya ga ƙazanta."

Hussaina ta waiwaya ta dubi kwandon. Ta tuna matan da suka rako ta bakin mota da asuba. Rahama, ɗaya daga cikinsu, ta yi asarar kwando goma sha ɗaya a tashi guda, ranar da mota ta kafe a kwazazzabo. Ba su aiko ta don a yaba mata ba. Amma kunyar ɗaukar wannan kwandon ta ratsa taron manyan mutane da shi, ita ma ba ƙarama ba ce.

"Minti uku aka ba ki," Ɗan'azumi ya ci gaba. "Ke kuwa gaisuwarki kaɗai minti goma ce. Kafin ki gama tambayar lafiyar iyalinsa an karɓe abin magana. Ki bar kwandon ya yi miki bayani, ya fi ki iya taƙaitawa."

"Yau rake ya yi hankali. Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Kullum da hankalinsa, ku ne ba kwa tambaya."

Daga ciki aka fara kiran wakilai a lasifika. Hussaina ta miƙe, ta gyara mayafi, ta yaye buhun daga kan kwandon. Ta tsaya tana kallonsa, ruwan na tsiyaya ta ƙasa.

"Duka biyun zan shiga da su," ta ce. "In ajiye fanteka in ce: ranka ya daɗe, ga yadda yake barin gonarmu, duk jihar nan ba wanda ya fi shi. In ajiye kwando in ce: ga yadda yake isowa kasuwa. Shi ke nan, in zauna."

"Ko minti ɗaya ba ki ci ba. Sauran biyun ki ba ni in yi wa rake."

"Sauran biyun na gaisuwa ne. Amma hannuna biyu ne kawai, kuma fanteka ta cinye su." Ta dube shi daga hula har takalmi. "Bawa, ɗauki kayan uwar ɗakinka."

"Da wannan rigar? Jiya aka karɓo ta daga wurin mai guga!"

"Shawarar wa ce?"

Ɗan'azumi ya dubi kwandon, ya dubi rigarsa, ya dubi mutanen da suka fara taruwa suna murmushi. Ya cire hula ya cusa a aljihu, ya ce bismillahi, ya ɗora kwandon a ka. Kafin ya yi taku uku jan ruwa ya gangaro ta bayan kunnensa, ya sauka a kafaɗa, ya bi aikin wuyan rigar.

"Hussaina, Allah ya isa tsakanina da tumatir! Yanzu in gwamna ya tambaya wa ya yanka ni fa?"

Dariya ta kusa kayar mata da fanteka. Ta wuce gaba, kanta a sama.

"Ka ce masa hanyarmu ce. Biyo ni."