Rasuwar Linzamin Tebur na Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar linzamin kwamfutata, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a kan tebur na huɗu, yana hannuna.

Shekara bakwai muka yi tare muna koya wa kwamfuta ma'anar magana. A jero mana jimla biyu, ni in karanta, shi ya danna: ma'anarsu ɗaya, ko daban. Bai taɓa yi min gardama ba. Ranar da na kuskure, shi ke komawa ya gyara, ya rufa min asiri. Maganarsa ba ta wuce “ƙyas, ƙyas” ba, ko lokacin da shayi ya zube masa.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da shugaban sashe ya tara mu, ya ce daga yanzu kwamfuta za ta koyi ma'ana da kanta. Za a zuba mata miliyoyin jimloli ba alamar kowa a kansu, ita ta gano masu kama da juna. Cikinmu shida aka sallami huɗu. Marigayi ya yi wata uku a aljihun tebur, igiyarsa a naɗe.

Da aka fito da shi mu duba aikin kwamfutar, muka tarar ta fi mu sauri, kuma galibi daidai take. Wannan ya karya masa gwiwa ƙwarai. Can sai ta ce wai “Zan duba in gani” da “Na yarda” abu ɗaya ne. Ni da na shekara ashirin ina jin ta farkon daga bakin maigidana, na danna “daban” da iyakar ƙarfina. Bai ƙara motsi ba. Mai gyara ya buɗe cikinsa, ya girgiza kai.

Ya bar allon bugawa wanda harafinsa na “a” ya goge, da 'yar shimfiɗarsa, da ni, da maƙwabciyata ta tebur na biyar, wadda har yau ba a gaya mata matsayinta ba.

Gobe bayan azahar za a kai shi kwandon tsofaffin kayan lantarki da ke ƙarƙashin matakala. Masu ta'aziyya su zo da ƙafarsu. Kada a turo saƙo ta ofis, don kwamfutar ce ke rarraba wasiƙu yanzu, kuma gaisuwa uku da suka riga suka iso ta haɗa su da na barka da haihuwa.